Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Yoyo



Karatunmu na yau a kan ƙungiya ne. Kusan kowane gari na ƙasar Guna yana da ƙungiya. Akwai ta manoma, akwai asusun mata, akwai kwamitin rumbun tsimi, akwai kwamitin famfo, akwai na iyayen ƴan makaranta. Da wuya a sami wani a ajin nan wanda ba ya cikin ko ɗaya.

Kowa kuma ya san irin zancen da ake yi a gindin bishiya in an tashi daga taro.

"Wai kuɗinmu ina suka shiga?"

"Shekara uku ke nan ba a yi mana lissafi ba."

"Ni dai na daina zubi. Su je su ƙarata."

In ƙungiya ta soma lalacewa, hanya uku ce gaban mutum. Ko ya fita. Ko ya zauna ya yi shiru a taro, ya yi gunaguni a waje. Ko ya sa hannu a gyara. Wanda ya fita ya bar kuɗinsa da wahalarsa a baya. Mai gunaguni bai gyara komai ba, sai ƙara ɓaraka. Hanya ta uku ita ce darasinmu. Kai da ka koyi karatu da rubutu da lissafi, kana da abin gyara a hannunka. Baƙo ba zai gyara muku ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.

1. Iyayenmu sun taɓa yi

A zamanin da gyaɗa ke da daraja, ƙasar Damagaram tana cikin manyan masu nomanta. Manomi zai kai gyaɗarsa kasuwa, mai saye ya ɗora ta a sikeli, ya faɗi nauyi. Manomi bai iya karanta sikeli ba. Abin da aka faɗa masa shi ke nan, ko ya yarda ko bai yarda ba.

A 1962 gwamnati ta kafa UNCC, hukumar da ta riƙa kula da ƙungiyoyin manoma da sha'anin bashi a wancan lokaci. A tsakiyar shekarun 1960 aka soma bar wa manoma kasuwannin gyaɗa su riƙe da kansu, a wajajen Magarya da Matamaye. Manoma suka riƙa zaɓar mai awo da mai rubutu daga cikinsu. Waɗanda aka zaɓa ba ƴan boko ba ne. Manoma ne irinmu, aka koya masu karanta sikeli da rubuta lamba. Daga nan manomi ya sami ɗan garinsu a bakin sikeli.

Gyaɗa ta faɗi bayan farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama ta a 1975. Amma abin da aka koya bai faɗi ba: manomi na iya riƙe awo, yana iya riƙe littafi.

2. Matan asusu

Adashi tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Mata su yi zubi, wannan ta kwasa, gobe waccan ta kwasa. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta soma aiki da mata a kan wani sabon tsari, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo masu kuɗi daga waje ba. Kuɗinsu ne, zubinsu ne. Abin da aka canza kaɗan ne, amma mai nauyi.

Ana zubi kowane mako a gaban kowa. Kuɗi na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku daban, akwatin yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a taro. Mai bukata ta ci bashi, ta biya da ɗan ƙari. In lokacin da aka yanka ya cika, a raba, kowa ta ɗauki rabonta.

Wannan tsari ya bazu a Nijar, ya ƙetara zuwa ƙasashen Afirka da yawa. Matan da suka soma da ƙirgar dala a bakin akwati sun saba da magana a gaban jama'a. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasu daga cikin matan asusu suka zama kansiloli.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ba a rushe adashi ba, gyara shi aka yi. Na biyu, babu wadda ta soma daga sama. Daga bakin akwati aka soma.

3. Soma da aikin da kowa ke gudu

A kowace ƙungiya akwai aikin da ba mai so. Rubuta sunayen waɗanda suka zo taro. Ƙirgar buhu a rana. Sharar rumbu. Bin gida gida a faɗa wa mutane ranar taro. Ba kuɗi a ciki, ba suna. To, shi za ka nema.

Ka ce wa magatakarda: "Yaya, in ba damuwa, bari in riƙa rubuta maka sunayen waɗanda suka zo. Ina son hannuna ya faɗa da rubutu." Ba zai hana ka ba, don ka rage masa wahala.

Me za ka samu? Abu uku.

Na farko, hannunka zai saba. Karatun da ba a aiki da shi yana gudu. Da yawa sun gama aji, bayan shekara biyu sun mance.

Na biyu, za ka san ƙungiyar ciki da bai. Za ka san wa ke zubi, wa ke da bashi, ina hatsi ke zurarewa.

Na uku, mutane za su san ka. Su ga kana zuwa da wuri. Su ga lissafinka ba ya canzawa tsakanin jiya da yau. Ran da aka tashi neman mataimakin magatakarda, ba sai ka roƙa ba. Wani zai kira sunanka.

Haka ake hawa: mai rubuta sunaye, mataimaki, magatakarda ko ma'aji. In masu furoje sun zo neman wanda za a tura horo Mirriya ko Damagaram, mai littafi a hannu ake turawa. Daga irin wannan ne ake samun mai sayar da ruwa a famfo, da mai taimaka wa likita ranar rigakafi, da malamin yaƙi da jahilci. Tambayi malaminku yadda ya soma.

4. Me ke kashe rumbun tsimi?

Kafin ka gyara abu, sai ka san ciwonsa. Mu ɗauki rumbun tsimi, wanda wasu ke kira bankin cimaka. Amfaninsa kowa ya sani. A sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha. A ajiye. Da damina, in rumbunan gida sun ƙare, hatsi ya yi tsada, a sayar wa ƴan gari da sauƙi. Ta haka magidanci zai tsaya ya nome gonarsa, ba sai ya tafi ƙwadago a gonar wani ba. Wanda ya ga yunwar 1984 ko ta 2005 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To, me ya sa rumbuna da yawa suke mutuwa? Sau da yawa ba ɓarawo ne ya fasa ƙofa ba. Mu yi lissafi, a misali.

A ce rumbu yana da buhu 50 na hatsi. A ce kowane buhu tiya 40 ne. Tiya 2000 ke nan.

Mai awo yana cika tiya har ta yi tozo in nasa ne ya zo. Ɓera da ƙwari suna cin nasu. A ce kowane buhu ya rasa tiya 2. Tiya 100 ta tafi. Buhu biyu da rabi ke nan.

An ba mutum 20 bashin buhu ɗai-ɗai, a kan za su biya da kaka. Ba a rubuta ba. Mutum 12 suka biya. Saura 8, wani ya ce ya biya, wani ya ce rabi ya ɗauka, wani ya tafi ci-rani. Buhu 8 sun tafi.

An yi baƙi, aka ɗebi buhu ɗaya da rabi don saukarsu. Ba a faɗa a taro ba.

Mu haɗa: biyu da rabi, da takwas, da ɗaya da rabi. Buhu 12. Rumbun da ya soma da 50 ya koma 38 a shekara ɗaya. In aka ci gaba da rasa 12 kowace shekara, cikin shekara ta biyar sai a share rumbu a rufe. Kuma in ka tambaya, kowa zai rantse bai ci ba. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa.

Ciwon dai ɗaya ne: abin da ba a rubuta ba, ba a kuma karanta wa jama'a ba. Haka yake a kuɗin famfo, haka yake a asusu.

5. Yadda ake kawo gyara

Yanzu ka ga inda ke yoyo. Kada ka tashi a taro ka nuna mutum da yatsa. In ka kunyata dattijo a gaban jama'a, ko kana da gaskiya ka faɗi. Mutane za su bar zancen hatsi su koma zancen rashin kunyarka. Ga matakan da za ka bi.

Zaɓi gyara ɗaya tak. Kada ka zo da goma. Zaɓi wanda ba ya cin kuɗi, wanda kowa zai ga amfaninsa da wuri. Misali: duk abin da ya shiga rumbu da duk abin da ya fita a rubuta, a karanta a taro kowane wata.

Je wurin shugaba a gidansa. Ka je da yamma, in ya huta. Ka gaishe shi yadda ya kamata. Ga yadda zancen zai iya kasancewa.

"Baba, barka da hutawa."

"Yauwa, ɗana. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Wata ƴar shawara ce na kawo, in ka ga ta dace."

"Ina jin ka."

"Baba, na ga yadda kake wahala a kan rumbun nan. Ga shi kuma mutane ba sa rasa abin faɗa. Na ce da za ka yarda, mu riƙa rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Ƙarshen wata a karanta. Mai magana sai ya rasa ta cewa."

"Wato ba ku yarda da mu ba ke nan?"

"Haba Baba, wane ni! Don a tsare mutuncinka ne. Yau in wani ya ce an ci, da me za ka kare kanka? Amma in yana rubuce, littafi ne zai ba shi amsa."

"To, wa zai yi rubutun?"

"In ka ba ni izini, ni da mutum ɗaya da kai za ka zaɓa. Mu gwada wata uku. In bai yi ba, a bari."

Ku duba abin da yaron nan ya yi. Bai zargi kowa ba. Ya nuna wa shugaba ribarsa. Ya bar masa zaɓin mutum na biyu. Ya nemi gwaji na wata uku, bai ce har abada ba.

Nemi abokan tafiya. Kafin taro, ka yi magana da mutum uku ko huɗu da ake jin maganarsu. Kada ka mance da mata, don su ne suka fi sanin ranar da hatsi ke ƙarewa a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari babba ya faɗa a taro. In shugaba ya tashi ya ce shawararsa ce, kada ranka ya ɓaci. Gyara kake nema, ba yabo ba. Mutane sun san wanda ke riƙe da alƙalami.

Cika alkawari. Ƙarshen wata ka karanta da ƙarfi, a hankali, da Hausar da kowa ke ji: ga abin da ke ciki farkon wata, ga abin da ya shiga, ga abin da ya fita, ga saura. Sannan a buɗe rumbu, mutum biyu su ƙirga buhu a gaban jama'a. Gani ya kori ji.

In wannan ya zauna, sai ka kawo na biyu: tiya ɗaya ga kowa, a shafe bakinta. Sannan na uku: ba bashi sai an rubuta, da shaidu biyu, mai ɗauka ya dangwala yatsa.

6. In an ƙi fa?

Ana iya ƙi. Kada ka yi fushi ka bar ƙungiya. Ka ci gaba da ɗan aikinka, ka riƙa rubuta abin da ya bi ta hannunka da ranar da ya bi. Wata rana za a yi gardama a kan buhu ko a kan jika. A ranar za a ce: "Ina yaron nan mai rubutu?" Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. A ce ka zama magatakarda. Ka haɗa lissafi, ka ga jika 40 babu. Ma'aji kuwa kawunka ne. Ya kira ka gefe ya ce: "Ɗana, rashin lafiya ce ta kama ni na taɓa. Ka gyara rubutun, da kaka zan mayar."

Nan ne ake gane mutum. Kada ka tona shi a kasuwa. Kada kuma ka rubuta ƙarya. Ka ce masa: "Kawu, ba zan iya canza littafi ba, amanar mutane ce. Amma mu je tare wurin shugaba da liman. A rubuta shi bashi ne, a sa ranar biya." In ya yarda, an rufa masa asiri, kuɗin jama'a kuma ba su ɓace ba. In ya ƙi, sai ka karanta lissafi a taro yadda yake. Za a yi fushi da kai a gida na ɗan lokaci. Amma in ka rubuta ƙarya sau ɗaya, littafinka ya mutu, kai ma ka shiga cikin masu ci. Kuɗin nan akwai na gwauruwa a ciki, akwai na marayu.

7. In ka hau

Wata rana za a ba ka shugabanci. To, kada ka zama abin da ka yi kuka da shi.

Kada kuɗi da littafi su haɗu a hannu ɗaya, ko da hannunka ne. Mai rubutu daban, mai ajiya daban, mai mabuɗi daban.

Kada ka ci bashin ƙungiya a ɓoye. In kana da bukata, ka nema a taro kamar kowa.

A yanka wa'adi. Shekara biyu ko uku, a sake zaɓe. In an sake zaɓenka, madalla. In an zaɓi wani, ka miƙa littafi da mabuɗi a gaban jama'a.

Koya wa wani. Ka ɗauki yaro ko yarinya daga ajin yaƙi da jahilci su riƙa zama kusa da kai. Ƙungiyar da mutum ɗaya ne kawai ya iya lissafinta, ran da ya tafi ci-rani ta tsaya.

In ƙarami ya zo maka da shawara, ka saurare shi. Ka tuna ranar da ka je gidan shugaba gabanka na faɗuwa.

8. Darasin gawo

Ku dubi gonakin Mirriya da Magarya da Matamaye. Gawo ya cika su. Yawancinsa ba dasa shi aka yi ba. Bayan farin shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon da ke fitowa da kansa a gona. Su zaɓi mai ƙarfi, su rage sauran, su tsare shi daga gatari. Shi ne ake kira sassaben zamani. Saiwar tana nan cikin ƙasa tun da daɗewa, kulawa ce ta rasa.

Haka ƙungiyarku take. Mutanen suna nan, rumbun yana nan, akwatin yana nan. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki alƙalami ya soma.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.

Tambayoyi

1. Hanyoyi nawa ne ke gaban mutum in ƙungiya ta soma lalacewa? Faɗe su.
2. A wace shekara aka soma tsarin Mata Masu Dubara, kuma a wace jiha?
3. Me ya sa mabuɗan akwati suke hannun mata uku?
4. Me ya sa ba a so ka kunyata shugaba a taro?
5. Da kai ne magatakardan da kawunsa ya taɓa kuɗi, me za ka yi?

Lissafi

1. Mata 30 suna zubin dala 20 kowane mako. Dala nawa ke shiga akwati a mako ɗaya? Jika nawa ke nan, in jika ɗaya dala 200 ce?
2. In sun yi mako 40 suna zubi, jika nawa suka tara?
3. Rumbu yana da buhu 38. An sayar da 25, an ba da bashin 6. Buhu nawa ya kamata a tarar a ciki?

Aikin gida

Ɗauki takarda ka ja layi, ka raba ta gida huɗu: rana, abin da ya shiga, abin da ya fita, saura. Rubuta lissafin hatsin gidanku na mako ɗaya. Ka kawo aji mu duba tare.

Sannan ka rubuta jimla ɗaya: wane gyara ne guda ɗaya kake son a yi a ƙungiyarku, kuma wa za ka fara faɗa wa?